Dogon Dawa: Inda Muka Koyi Tsayar da Gudu a Cikin Hoto

Ranar 29 ga Yuli 2024, ana tsakiyar wasannin Olamfik na Faris, wani hoto ya zagaye duniya cikin 'yan sa'o'i. Ɗan wasan Burazil ne, Gabriel Medina, tsaye cak a sararin sama kamar ya taka wata ƙasa da ido ba ya gani, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, allon da yake hawan igiyar ruwa da shi kuma yana tsaye a gefensa. Mutane da yawa suka ce haɗin kwamfuta ne. Ba haɗi ba ne. Jérôme Brouillet na kamfanin dillancin labarai na AFP ne ya ɗauke shi daga cikin jirgin ruwa a Teahupo'o da ke tsibirin Tahiti, inda aka yi gasar, fiye da kilomita 15,000 daga Faris.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum ne zai kwanta a kan wani dogon allo, ya yi iyo da hannuwa har ya tari igiyar teku, sannan ya miƙe tsaye ta ɗauke shi a guje. A Tokiyo, shekarar 2021, aka fara yinsa a Olamfik. A Najeriya ma akwai matasan da ke yinsa a Tarkwa Bay ta Legas, haka nan a gaɓar Dakar ta Senegal. Masu ɗaukar hoton waɗannan mahaya suna fama da abubuwa uku a lokaci guda: mutum mai gudu, ruwa mai fantsama, da hasken rana mai dukan ido. Tambayar da ta tsaya mana a rai ita ce, shin abin da suka sani zai amfani wanda bai taɓa ganin teku ba? Amsarta muka je nema a Dogon Dawa.

Hanyar Funtuwa

Mu huɗu ne, duk ɗaliban jami'a a Zariya, ɗaya daga cikinmu ɗan garin ne, shi ne kuma jagora. Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba: tsohuwar kyamara guda da muka aro, da gilashinta mai jawo nesa kusa na milimita 70 zuwa 300, sai wayoyin aljihunmu. Daga Samaru muka bi ta Shika da Giwa muka shiga Funtuwa ta Jihar Katsina, sannan muka sauya mota muka karya kudu maso yamma a kan titin Birnin Gwari. Ƙarshen damina ne. Masara ta bushe a kan karanta, dawa ta fitar da kai, waken suya ya fara rawaya. Kana ƙara nisa daga Funtuwa itatuwa suna ƙara tsayi da kusantar juna: kaɗanya, ɗorawa, maje da doka.

Sunan garin kansa darasin Hausa ne. Akwai dawa ta tuwo, akwai dawa na daji. Da ta tuwon ake nufi, da Doguwar Dawa za a ce, domin ita tamace ce. Tunda aka ce Dogon Dawa, to dajin ake nufi, kuma wanda ya bi hanyar ba zai yi musun sunan ba. Garin yana gabashin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, gari ne na manoma da 'yan kasuwar hatsi.

Ba za mu ɓoye muku abin da kuka riga kuka ji ba. Wannan yanki ya sha wuya a hannun 'yan bindiga. A watan Oktoba 2012 an kai wa Dogon Dawa hari da asuba, aka kashe kimanin mutum 20, cikinsu har da masu fitowa daga masallaci. Allah Ya jiƙansu. Shekarun da suka biyo baya an yi ta fama da satar shanu da satar mutane, gonaki da yawa suka koma saura. A watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan wani sulhu, ya sake buɗe kasuwar shanu da ta shafe shekaru a rufe. Mutane sun koma gona, amma ba wanda ya saki jiki gaba ɗaya. Mu ma da rana tsaka muka yi tafiyarmu, kuma ba mu taka ko'ina ba sai inda manyan gari suka ce a taka.

Wannan tarihin ne ya sa muka zaɓi garin. Ku rubuta Dogon Dawa a intanet ku ga abin da zai fito: labarin hari, motocin sojoji, fuskokin masu makoki. Da wuya ku ga yaro yana dariya a sama, tsakanin gaɓa da ruwa. Ba don babu yaron ba, sai don hoton abin da ke tsaye ya fi sauƙin ɗauka, rayuwa kuwa ba ta tsayawa a ɗauke ta. Duk garin da 'ya'yansa ba su iya ɗaukar motsinsa ba, baƙi ne za su riƙa nuna wa duniya shi, kuma baƙo ba ya zuwa sai ranar da abu ya ɓaci.

Bakin rafi

Washegari da hantsi, bayan mun je mun gaida mai unguwa mun gaya masa abin da ya kawo mu, ƙannen jagoranmu suka raka mu wani rafi da ke bayan gonaki, ba nisa da gari. Akwai wata gaɓa mai tsayin kamar mita biyu inda yara maza ke taruwa bayan sun taso daga gona. Sai yaro ya ja da baya, ya sheƙo a guje, ya daka tsalle, wani ya dunƙule, wani ya wantsala, ya faɗa ruwa tsulum. Nan take muka gane mun sami mahayan igiyar ruwanmu. Ga gudu, ga ruwa mai fantsama, ga rana tana walƙiya a kansa.

Da gangan muka fara da barin kyamarar ta zaɓa wa kanta komai, domin yaran su ga bambanci. Gaɓar tana ƙarƙashin inuwar wata bishiya, sai kyamarar ta zaɓi 1/60. Bishiya ta fito tas, gaɓa ta fito tas, mai tsalle kuwa ya zama kamar hayaƙi. Wani ƙarami ya leƙa ya ce, "Yaya, ai wannan aljani ka ɗauka, ba ni ba." Daga nan darasi ya fara.

Ƙiftawa, ƙofa da ji

Kowace kyamara, ta miliyan ce ko ta waya, da abubuwa uku take sarrafa haske.

Na farko shi ne ƙiftawa. A cikin kyamara akwai abin da ke buɗewa ya rufe kamar fatar ido, masu sana'a suna ce masa shota. Lambar 1/60 tana nufin ya buɗe na kashi ɗaya cikin sittin na sakan. Ƙiftawar idon mutum tana cin kamar kashi ɗaya cikin goma na sakan ko fiye, don haka za ku ce ai 1/60 sauri ne. To ku ɗauko littafin fiziks. Abin da ya faɗo daga tsayin mita biyu yana isa ƙasa da gudun kusan mita 6 a sakan guda. A cikin 1/60 na sakan, yaron ya matsa kusan santimita 10, kyamara kuwa ta zana duk wannan tafiyar a hoto ɗaya, shi ya sa ya zama hayaƙi. A 1/1000 milimita 6 kawai zai matsa. A 1/2000 milimita 3. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu ɗaukar mahaya igiyar ruwa ba sa son sauka ƙasa da 1/1000, in kuma suna son ɗigon ruwa ya tsaya ɗaya-ɗaya kamar tsakiya, sai su hau 1/2000.

A kyamarorin Nikon da Sony akwai harafin S a kan maɓallin da ake murzawa a sama, a Canon kuma Tv. In ka murza can, kai ke zaɓar saurin ƙiftawa, kyamara ta daidaita ƙofar haske. Muka sa 1/1000. Yaron nan dai ya sake tsalle. Wannan karon sai ga shi a sama, bakinsa a buɗe, yatsun ƙafarsa a baje, har taɓon da ke tafin ƙafarsa ana gani. Ihun da aka yi sai da balbelu suka tashi.

Amma babu kyauta a harkar haske. In ka gajarta lokacin buɗewa, hasken da zai shiga ya ragu, hoto ya yi duhu. Sai ka biya bashin ta sauran hanyoyi biyu.

Na biyu ita ce ƙofar haske. Ku lura da idon mage: da rana ƙwayar takan tsuke ta zama siririya, da dare ta buɗe ta cika ido. Gilashin kyamara ma haka yake, ana kuma auna buɗewarsa da harafin f. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne lambar a juye take: f/4 ƙofa ce babba, f/16 'yar ƙarama. Jerin yana tafiya 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma kowane taki ɗaya yana rage rabin haske. Babbar ƙofa tana shigo da haske mai yawa, tana kuma narkar da abin da ke bayan mutum ya yi laushi, amma in saiti ya kauce kaɗan, mutumin ma ya narke. Mu tsakanin f/5.6 da f/8 muka zauna, nan ne kuma akasarin masu ɗaukar wasannin ruwa da rana suke zama.

Na uku shi ne ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara. Kamar ƙara muryar rediyo ne lokacin da tashar ke nesa: za ka ji maganar, amma shuuu ɗin ma zai ƙaru. ISO 100 ko 200 hoto ne mai tsabta. A 1600 zuwa sama za ka fara ganin ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero, musamman a tsohuwar kyamara irin tamu. Sai dai ku riƙe wannan: hoto mai ɗigo-ɗigo wanda mutum ya fito tas ya fi hoto mai tsabta wanda mutum ya zama hayaƙi. Ɗigo ana iya rage shi a kwamfuta, hayaƙi kuwa ba ya komawa mutum.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da masu hoto ke amfani da ita tun zamanin fim. In rana ta take sosai, ka sa f/16, saurin ƙiftawa ya yi daidai da lambar ISO, wato ISO 100 da 1/100. To daga f/16 zuwa f/5.6 taki uku ne, haske ya ninka sau takwas, saboda haka za ka iya ninka sauri sau takwas, ya koma 1/800. Ka ga ke nan a ranar ƙasar Hausa, ISO 100 ko 200 da f/5.6 sun ishe ka ka tsayar da kusan kowane gudu. Abin da mai hoto a Ingila ke roƙo, mu kyauta muke samunsa. Bayan la'asar ne lissafi ke sauyawa. Da muka dawo rafin da yamma, muka bar 1/1000 a inda yake, muka riƙa ɗaga ISO daga 400 zuwa 800, kafin magariba har 1600.

Ruwa mayaudari ne

Kyamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki. In ruwa yana walƙiya, sai ta ɗauka duniya ta cika da haske, ta rage. Sakamakon shi ne ruwa ya fito daidai, fuskar yaro baƙar fata kuwa ta zama inuwa, ba ido ba hanci. Maganinsa maɓallin da ke da alamar +/-. Muka ɗaga shi zuwa +0.7, wani lokaci +1, fuskoki suka dawo. Sai dai a riƙa duba farin kumfar ruwa, kar a ɗaga har ta ƙone ta zama farin fili.

Maganin da ya fi wannan arha shi ne ƙafa. Ka zagaya har rana ta koma bayanka ko gefen kafaɗarka, ta haska fuskar mai tsalle. In kuma ka tsaya rana tana gabanka da yamma, za ka sami wani irin hoto daban: yaro baƙi ƙirin kamar an yanka shi da almakashi, ɗigon ruwa kuma suna ƙyalli kewaye da shi. Duka biyun suna da kyau, muddin kai ka zaɓa. Sannan ka durƙusa. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa yana sa sararin sama a bayan mai tsalle, tsallen mita biyu ya koma kamar na biyar.

Saiti da ɗauka a jere

Saurin ƙiftawa ba zai cece ka ba in idon kyamara yana kan bishiya maimakon yaro. Yawancin kyamarori suna da saiti iri biyu: mai kamawa sau ɗaya ya tsaya, da mai bin abu duk inda ya nufa. Na biyun ake so, a Nikon da Sony sunansa AF-C, a tsofaffin Canon kuma AI Servo. Ka ɗora alamar saiti a ƙirjin yaro tun yana gudu, ka danna maɓalli rabi, ka bi shi.

Tamu kyamarar ta tsufa, ba ta iya bin mai wantsalawa. Sai muka koma ga dabarar da ta girmi duk waɗannan na'urori. Tunda mun san inda kowa ke tashi, muka sa yaro ɗaya ya tsaya a bakin gaɓar, muka saita a kansa, muka kulle saitin, sannan muka jira masu tsalle su shigo wurin da kansu. Da f/8 akwai ɗan sarari gaba da baya, ko yaro ya ɗan kauce zai fito.

Sai ɗauka a jere, inda za ka danne maɓalli kyamara ta riƙa ɗauka tat-tat-tat. Matsakaitan kyamarori suna yin biyar zuwa goma a sakan, sababbi na ƙwararru ashirin ko fiye. Kada ka danne tun yaro yana nesa, kyamara za ta cika ta tsaya tana haki daidai lokacin da ake bukatarta. Ka fara sa'ad da ƙafarsa ta bar ƙasa, ka saki bayan ruwa ya fantsama.

Mai waya fa?

Mun san yawancinku waya ce a hannunku, ko ta yaya ko ta baba. Wayoyi da yawa na Tecno, Infinix da Samsung suna da sashen da aka rubuta Pro a cikin kyamararsu. A nan za ku ga S da ISO. Ƙofar hasken yawancin wayoyi ba ta sauyawa, don haka abu biyu kawai za ku lura da su. Ku sa S a 1/1000, ku ɗaga ISO har hoton ya yi haske daidai. In wayar ba ta da wannan sashe, ku nemi rana, domin waya da kanta takan ƙara sauri in haske ya yi yawa. Ku danna yatsa ku riƙe a kan wurin da mutum zai wuce har saiti ya kulle. A wayoyi da yawa riƙe maɓallin ɗauka ko jansa yana ɗauka a jere. Kada ku ja hoto kusa da yatsu biyu, wannan yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi, ku matsa da ƙafa. Sannan ku goge gilashin da gefen riga mai tsabta, maiƙon yatsa ya ɓata hotuna fiye da kowace na'ura. Biyu daga cikin hotuna biyar da muka fi so a tafiyar nan da waya aka ɗauke su.

Ranar kasuwa

Ba kowane gudu ake so a tsayar cak ba. Ranar kasuwa muka tsaya a bakin titi muna kallon 'yan acaɓa suna shigowa da buhunan masara, wani biyu, wani uku, har da mai buhun a zaune can ƙoli. Babur mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a sakan. A 1/1000 zai tsaya tas, amma sai ya zama kamar an jingine shi, ba mai cewa tafiya yake yi.

A nan ake juya lissafi, a yi abin da muka sa wa suna rakiya. Ka sauko da ƙiftawa zuwa 1/60 ko 1/30, ka tsuke ƙofa zuwa f/16 don kar haske ya yi yawa, ka kafa ƙafafunka, ka manne gwiwar hannu a jiki. Ka kama babur tun daga nesa, ka riƙa juyawa daga ƙugu kana binsa da gudunsa, ka danna yana daidai gabanka, kuma kada ka tsaya, ka ci gaba da raka shi. In an dace, direba da buhunansa za su fito tas, rumfuna da mutanen baya su zama zane-zanen gudu. A cikin ashirin da wuya ka sami uku masu kyau, haka abin yake ko a hannun ƙwararre.

Da yamma wani saurayi ya fito da dokin gidansu yana motsa masa jini a wani fili. Muka koma 1/1000 da ɗauka a jere, a hoto na huɗu sai ga kofato huɗu duk a sama. Wannan ganin yana da tarihi. An daɗe ana gardama ko doki mai sukuwa yana ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa lokaci guda, domin ido ba ya iya kamawa. A 1878, a Palo Alto ta Kaliforniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, da kuɗin attajiri Leland Stanford, ya ɗauki doki hoto bayan hoto. Aka ga lalle yana tashi, amma lokacin da ƙafafun suka tattaru a ƙarƙashin cikinsa, ba lokacin da suka miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka saba nunawa. Abin da ya ci kyamarori 12 a wancan zamani, yau yana aljihun ɗan aji uku na sakandare.

Darasin maharbi

Kakan jagoranmu tsohon maharbi ne. Da dare muna nuna masa hotuna, ya sa aka ɗauko masa kan burtunsa, wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su duƙa suna tafiya kamar tsuntsun har su kusanci nama. Ya tambaye mu yadda muke sanin lokacin dannawa. Muka ce, "Baba, in mun ga ya yi tsalle sai mu danna." Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yan nan, wanda ya jira sai ya ga gada ta zabura, ƙura zai harba." Ya ce maharbi kunnenta yake kallo da yadda ta ɗaga kai, tun kafin ta motsa ya san inda za ta bi.

Washegari muka ajiye kyamara na kusan rabin awa muna kallo kawai. Sai muka fara gani. Kowane yaro da alamarsa: wani yakan ja numfashi ya ɗaga kafaɗa, wani yakan taka sau uku. Kuma kowane tsalle yana da ƙololuwa, inda hawa ya ƙare faɗuwa ba ta fara ba. A nan jiki ya fi buɗewa, a nan kuma gudun ya fi raguwa, har 1/500 ma kan wadatar. Balbela ma kafin ta tashi sai ta ɗan duƙa. Mai ɗaukar mahaya igiyar ruwa haka yake karanta teku, ya san igiyar da za a hau da wadda za a bari, ya san abin da ɗan wasa ya saba yi in ya fito daga cikinta. Lambobi awa ɗaya ta isa a koye su. Karatun motsi kuwa sai an zauna.

Kafin a danna

Hoto amana ne, a yanki irin wannan kuma yana iya zama haɗari. Ga abin da muka kiyaye, muna kuma roƙonku ku kiyaye. A nemi izinin manya da na iyayen yara tukuna. Ba mu ɗauki yaron da ba ya sanye da wando ba, ba mu kuma juya kyamara ɓangaren da mata ke wanki ba. Ba a ɗaukar shingen jami'an tsaro, ba a ɗaukar baƙon fuska, ba a ɗaukar garken shanun mutum ko rumbunsa a watsa a Facebook, domin ba ka san wanda ke kallo ba. A kashe alamar da ke nuna wurin da aka ɗauki hoto a cikin waya. Kada a ce wa yaro ya hau inda ya fi tsayi don hoto ya yi kyau, kada kuma a je rafi bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ku tuna ruwan rafi da na kududdufi na iya ɗauke da tsargiya, duk wanda ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, tana da magani. A ƙarshe, a mayar wa mutane hotonsu. Namu mun wanke su a Zariya mun aika, an ce yanzu suna manne a bangon zaure.

Akwai inda muka so zuwa manya suka ce a dakata: Gandun Dajin Kamuku, a cikin wannan ƙaramar hukuma, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,120. Tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa. A cikinsa akwai magangarar Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema mai tarin rema. Ranar da hanya ta buɗe sosai, za a bukaci masu ɗaukar ruwan nan yana zubowa da remar nan tana gudu, kuma ya kamata a ce 'ya'yan yankin ne.

Kafin ranar, ga aikin gida. Ku sa ƙaninku ya tsiyayar da ruwa daga buta a cikin rana, ku ɗauka a 1/60, da 1/250, da 1/1000, ku jera hotunan uku ku kwatanta. Ku je filin ƙwallon makaranta ku kulle saiti a kan mai tsaron gida, ku jira ya yi tsalle. Ku gwada rakiya da mai keke. Wanda ya iya waɗannan uku, in ya tsaya a bakin Matan Fada ranar da masunta ke rugawa cikin ruwa a Argungu, ko a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ko ma a gaɓar Tarkwa Bay, lambobin nan dai su ne zai murza.